Kwaɗon Ustaz Safwat

Ranar da Ustaz Safwat ya ci mutuncin Abla Nagat, bai yi a ɓoye ba. Da lasifika ya yi, a filin taron safe, gaban 'yan matan makarantar kaf da malamansu, har masu sayar da gurasa da ta'amiya, ƙosanmu na nan, a bakin ƙofa sai da suka ji. Ya sa aka dire bokitin goge-goge a gabansa, cike da wayoyin da ya ƙwace a ajinta jiya, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwanjo. Ya ce akwai wata malama a makarantar nan, shi ba zai kama suna ba, wadda ta mayar da aji gidan sinima. Ya ce shekaru sun iso mata amma hankali ya tsaya a hanya. Bai kama sunan ba kuwa, sai dai yana magana yana kallonta, har filin duka ya juya ya kalle ta.

Laifin nata, in ka ji, sai ka riƙe baki. Abla Nagat malamar ilimin halittu ce a makarantar 'yan mata ta garinmu, Mit Gamar. A nan malama mace Abla ake ce mata, wato yaya. Tun tana budurwa take zana zuciyar ɗan Adam da alli, kuma duk shekara zanen mangwaro yake fitowa, ita ma ta sani, yaran ma sun sani. Da aka buɗe dandalin karatu a intanet, sai ta tarar da zuciya a ciki tana bugawa, jini na shiga yana fita, ana juya ta da yatsa a leƙa bayanta. Ta ce wallahi 'yan ajinta sai sun ga wannan kafin ta yi ritaya. An kuwa aiko wa makarantar kwamfutocin hannu, kwali-kwali, domin wannan aikin. Sai dai ba yarinyar da ta taɓa ganin ko ledarsu.

Duk wanda ya taɓa cin albashin gwamnati a ƙasar nan ya san uhda. Kaya in ya shigo, ko kujera ce ko fanka, sai mutum guda ya sa hannu ya karɓa, daga nan ya hau wuyansa. In ya fashe, a albashinsa za a cire. In ya ɓace, a albashinsa, kuma ya sha tambayoyi. Ustaz Safwat, mataimakin shugabar makaranta, shi ya sa wa na'urorin hannu. A ranar ya sa aka hau da su ajin da ke can ƙololuwar bene, ya jera su a kabad ɗin ƙarfe, ya sayo kwaɗo mai girman dunƙulen hannu ya datse, ya rataya makullin a bel ɗinsa. Rani ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce, makullin na nan yana kaɗawa a ƙugunsa.

Abla Nagat ta roƙe shi har ta gaji. Yau ya ce sai bayan Sallah, gobe ya ce sai takarda ta zo daga sama. Ranar da ta matsa masa, ya tambaye ta ko ita za ta biya in yarinya ta yar da ɗaya. Shi ya sa ta ce wa 'yan ajinta duk mai iya aro waya a gida, ta uwa ko ta wa, ta zo da ita. Suna tsakiyar kallon zuciyar ne, kawuna uku-uku a kan waya ɗaya, ya banko ƙofa da bokiti a hannu.

Ba ta yi kuka a filin ba. Ta tsaya ƙyam da jakarta a hammata, kunnuwanta na zafi, har aka gama rera taken ƙasa. Iyaye suka zo karɓar wayoyinsu, wasu da zagi. Sitt Awatif, shugabar makarantar, mace ce mai kirki amma matsoraciya, inda Safwat ya karkata nan take faɗawa. Kafin ƙarshen mako an karɓe ajin daga hannun Abla Nagat, an mayar da ita kula da laburare, wai don ta huta.

Laburaren wani ɗaki ne a ƙarƙashin matakala. Littattafan ciki sun girmi rabin malaman, kuma ba mai leƙowa sai wata kyanwa mai ido ɗaya. Ajinta aka ba wani saurayin malami mai karanta littafi daga bango zuwa bango da murya ɗaya, yana yi yana duba agogo. Wani lokaci Nurhan, wata yarinya mai bakin tsiya 'yar maƙerin tukwanen alminiyam, takan sato jiki ta zo taga ta yi tambaya, ta ce Abla wallahi ba ma gane komai. Wannan ya fi komai ci wa Abla Nagat rai. Ritayarta ta matso, jarrabawa ta matso, ita kuma tana zaune da kyanwa tana tsinke ganyen lalo a cikin leda. Abin da take nema a duniya ɗaya ne, ta koma ajinta, ta bar makarantar nan a malama kamar yadda ta shigo.

Ba ta yafe ba, ba ta kuma yi niyyar yafewa ba. In ta idar da salla ta ɗaga hannu, sunan Safwat ke riga na 'ya'yanta zuwa bakinta. Ba mutuwa take roƙa masa ba, ina amfanin wannan? So take ya tsaya a gaban jama'a kunnuwansa su yi zafi, ita kuma tana kallo.

Ana nan sai labari ya zo cewa manyan baƙi daga Mansura, babban birnin jiharmu, za su zo su ga yadda ake karatun zamani da na'urorin da aka aiko. Makaranta ta rikice. Aka duba malaman nan kaf, ba wanda ya san ta inda ake shiga dandalin sai mace guda, mai zaman ƙarƙashin matakala. Kai, duniya! Sai ga Ustaz Safwat ya shigo laburare da tiren shayi da basbusa, wainar nan mai zaƙi, a hannunsa, shi da kansa, mutumin da ko cokali ba ya ɗauka.

"Abla Nagat, babbar yayarmu," in ji shi, yana neman inda zai ajiye tiren. "Ƙane ai yakan saɓa wa yayarsa, ba a riƙewa."

"Sinimar ce za a sake buɗewa, Ustaz, ko sabon fim aka kawo?"

Ya yi dariya har da dafa ƙirji, ya ce ita dai ba ta rabo da barkwanci. Ya yi rantsuwa da kabarin mahaifinsa cewa in aka rabu da baƙin nan lafiya, zai duba maganar ajinta. Ta san wannan "zai duba" ɗin, ta sha jin sa. Baƙi na juya baya kwaɗo zai koma, ita ma ta koma wajen kyanwa. Duk da haka ta ce to, saboda yaran za ta yi. Ta cinye basbusar tas, ba ta rage masa ko gutsure ba.

Aka fara gwaji a ajin nan mai kabad, irin wanda muka saba kafin zuwan baƙi. Aka zaɓo darasin zuciya, aka bai wa yara tambayoyin da amsoshinsu su haddace. Aka tuna musu tsohuwar ƙa'ida, in malama ta yi tambaya kowa ya ɗaga hannu, wadda ta sani ta ɗaga dama, wadda ba ta sani ba ta ɗaga hagu, malama kuma ta san wadda za ta kira. Na'urorin kuwa Ustaz Safwat ya ce ba za a taɓa su ba sai ranar. Ya sa kowace yarinya ta riƙe littafin tarihi a tsaye, ta riƙa shafa bangonsa da yatsa, don hannu ya saba. Shi kuma yana zagayawa yana gyara musu riƙo, yana cewa a hankali, a hankali, ba kullun gurasa ba ne.

A ranar gwajin farko ne Abla Nagat ta jingina da kabad ɗin, sai ta yi zumbur ta janye. Ƙarfen zafi ƙau kamar gefen tanderu. Bangon da ke bayansa shi rana ke duka tun daga azahar har la'asar, ga rufin siminti a sama. Ta tsaya tana kallon kwaɗon, sai ta tuna wayar Shauki.

Shauki mijinta ne, Allah ya ji ƙansa. Da ya rasu ta naɗe wayarsa a hankici ta sa a aljihun tebur, don akwai muryarsa a ciki, saƙonnin da yakan turo mata daga kasuwa yana tambaya ko kifi zai sayo ko kaza. Ta hana kowa taɓawa, ita ma ta hana kanta, wai kada ta lalace. Da ta ga za ta iya jurewa, bayan shekara da wani abu, ta warware hankicin ta tarar wayar ta kumbura, batirin ya ture murfin. Ta kai wa masu gyara har Mansura, ba wanda ya iya tashinta. A aljihun tebur ke nan fa, cikin inuwa, ba a kabad ɗin ƙarfe ba. Muryar Shauki ta tafi ke nan, kuma ba wanda ya tafi da ita sai tsabar adanawa.

Ta sauko daga benen nan tana jin wani sanyi a ranta wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Ana saura 'yan kwanaki, a ɗakin malamai, Sitt Awatif ta yi ƙarfin hali ta ce ko za a fito da na'urorin a sa musu caji a gwada. Ustaz Safwat ya kai hannu kan makullin, da alama maganar ta shige shi. Ya juya ya dubi Abla Nagat, tunda yanzu ita ce masaniya, ya ce me ta gani. Ta san da an fito da su a makon nan watakila a ceci wasu, in ma sun mutu a aro na wata makaranta a rufa asiri. Ta sani sarai. Ta juya cokali a kofinta, ba gaggawa.

"Sababbi ne fil a kwalinsu, Ustaz, ba wanda ya taɓa su. In ka fito da su yau, kafin ranar hannu nawa za su shiga? Ni dai ba a wuyana suke ba."

Ya saki makullin, ya ce wallahi Abla ta faɗi gaskiya, mai hankali daban yake. Sitt Awatif ta ce to shi ke nan. Shayin ranar ya yi wa Abla Nagat daɗi har ta nemi ƙari.

Ranar ta zo. An shafe bakin titi da farar ƙasa, an aro tukwanen furanni daga mai sayar da shuke-shuke an jera a matakala, 'yan mata sun sha guga. Tun da sassafe Ustaz Safwat ya hau sama cikin kwat ɗinsa na biki, Abla Nagat na biye da shi, yara na zaune. Ya yi bisimilla ya buɗe kwaɗon. Wani wari ya fito, kamar na roba da ta sha wuta. Ya yage kwalin farko, ya danna, ba komai. Ya jona wa caji ya jira, ba komai. Ya buɗe na biyu, wannan har gilashin ya ɗago daga jikinsa, cikin ya kumbura. Ya bi su yana yagewa yana dannawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan ledar. Ko ɗaya bai yi ƙyaf ba.

Abla Nagat ta tsaya ta harɗe hannu tana kallo, ba ta so ko ƙiftawa ta yi kada wani abu ya wuce ta. A ƙasa aka ji hon ɗin motoci, mai gadi na buɗe ƙofa.

Amma a ba mutumin nan haƙƙinsa, shaiɗani ne. Ya share gumi, ya dubi ajin, ya dubi ƙofa, sai idonsa ya yi haske. Ƙofar a gaba take, kusa da allo. Baƙo in ya shigo nan yake tsayawa, ya yi murmushi, a ɗauki hoto, ya fita, kuma daga nan bayan na'ura kawai zai gani. Nan da nan ya ware waɗanda ba su kumbura ba ya rarraba, ya ce kowa ta riƙe a tsaye ta shafa kamar yadda aka koya da littafin tarihi, wadda ta kuskura ta kwantar da tata sai ta gane kurenta. Sannan ya matso kusa da Abla Nagat.

"Ki rufa mini asiri, Abla. 'Ya'ya mata gare ni, babbar bayan Sallah za a kai ta."

"Allah shi ne mai rufin asiri, Ustaz."

Ya ɗauka ta yarda. Ita kuwa gabanta ne ya faɗi, don ta ga dabarar za ta ci. Za a yi wasan, a tafa, a rubuta cewa makarantar ta yi fice, ya mayar da gawarwakin cikin kabad ya datse, ba mai ƙara tambaya har ya yi ritaya. Ita kuma ta koma tsinkar lalo.

Baƙin suka shigo, maza biyu da mai ɗaukar hoto, a gabansu shugabarsu, Dakta Mushira, mace mai jiki cikin baƙar riga da takalmi mai tsini. Benen nan ya gama da ita, tana haki tana fifita da takarda. Suka tsaya a gaba daidai inda Safwat ya lissafa, shi kuma ya toge a bakin hanyar da ke tsakanin tebura kamar an dasa shi. Abla Nagat ta fara darasi. Ta ce a buɗe shafin zuciya, yatsu suka hau shafe-shafe. Ta yi tambaya, hannaye suka tashi dama da hagu, ta kira mai dama, amsa ta fito tsaf. Mai hoto na ta ƙyas-ƙyas, Sitt Awatif har ta fara numfashi.

Sai Abla Nagat ta lura Dakta Mushira na sauya ƙafa, tana ɗaga dunduniya ɗaya daga takalmi. A can bayan ajin kuma, ƙarƙashin fanka, akwai kujerar nan mai katifa da masu duba malamai ke zama a kai. Ta ajiye alli.

"Dakta, wallahi ba za ki tsaya ba. Ki hau benen nan saboda mu, sannan ki tsaya a ajina? Ga kujera can."

Dakta Mushira ta ce a'a, ba komai, yanzu za su wuce. Abla Nagat ta ce ta riga ta rantse, sai dai in so ake ta yi kaffara da tsufanta. Ustaz Safwat ya zabura ya ce bari ya kawo kujerar gaba. Ta ce haba Ustaz, gaban da ƙurar alli ke tashi, ga baƙar riga a jikin Dakta, ga fanka a can? Ta ƙara rantsewa, ta kama hannun baƙuwar da hannu biyu. A garinmu in babbar mace ta rantse maka sau biyu kan zama ko cin abinci, ba ka da ta cewa. Safwat ya tsaya a hanya na ɗan lokaci, baki a buɗe, amma ba ya yiwuwa namiji ya tare wa babbar baƙuwa hanya. Ya matsa.

Dakta Mushira ta zauna, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce Allah ya saka. Sannan ta ɗaga kai. Daga nan bayan, ajin duka a buɗe yake gabanta, layi-layi na baƙaƙen gilasai, da yatsun 'yan mata suna ta shafa su da himma. Abla Nagat ta koma gaban allo ta ce cikin natsuwa, yanzu kowa ta juya zuciyar ta dubi bayanta. Yatsu suka juya abin da babu.

Baƙuwar ta bi gilasan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ta taɓa kafaɗar yarinyar da ke gabanta, aka yi sa'a ko rashin sa'a Nurhan ce.

"Me kike gani a ciki, 'yata?"

Nurhan ta dubi gilashin, ta dubi Ustaz Safwat, ta dubi Abla Nagat. "Fuskata, Dakta."

Wata ta fara ƙyalƙyalewa a gefe, sai ajin duka ya ɗauka, har mai hoto ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Dakta Mushira ba ta yi dariya ba. Ta tambayi wa ke riƙe da uhda, ta sa aka buɗe kabad, ta ga masu kumburin da aka tura ciki, ta tambayi yaushe rabon da a sa musu caji. Ta yi tambayoyin nan a gaban yara, da muryar da ta kai har ajin ƙasa. Abla Nagat ta dubi kunnuwan Ustaz Safwat. Sun yi ja kamar tumatir, kuma ta kalle su har ta ƙoshi.

Aka yi bincike. A nan ba a korar mutum, tura shi ake inda zai gwammace an kore shi. Aka mayar da Safwat wata makarantar ƙauye can bayan magudanar ruwa, inda sai ya hau ƙaramar bas ya sauka ya hau adaidaita, aka kuma ɗora masa biyan kayan daga albashi. Da Abla Nagat ta ji an ɗaga bikin 'yarsa, wani abu ya ɗan soke ta a ƙirji, don yarinyar ba ta yi mata komai ba. Sai ta tuna bokitin nan, ta ci gaba da cin abincinta.

Dakta Mushira ta sa aka aiko sababbin na'urori, ta kuma ce a mayar da malamar nan ajinta. Sai dai kaya ba ya shiga sai da mai sa hannu. Ranar da motar ta iso, malaman makarantar nan kowa ya tashi da ciwo, wannan ido, wancan hawan jini, wata ta ce mijinta ya hana ta. Ashe kuma Safwat, a bayanin da ya yi wa masu bincike, ya ce ba wanda ya cancanci riƙe kayan kamar Abla Nagat, tunda ita ce masaniya. Sitt Awatif ta tura mata takarda da biro tana kallon ƙasa, ta ce ajin da uhdar tare suke, ba a raba su. Abla Nagat ta gane wannan saƙon Safwat ne. Ta sa hannu.

Safwat ya zo kwashe kayansa a makon, ya same ta a matakala. Ya rame, kwat ɗin ya yi masa yawa. Ya miƙa mata wani abu mai nauyi naɗe a jarida.

"Riƙe wannan, Abla. Ba yau ba, amma za ki neme shi. Ni ma ranar da na sa hannu, da niyyar buɗewa na sa."

Kwaɗon ne, da makullinsa a jiki. Ta so ta wurga masa a ƙafa, amma yara na wucewa, sai ta jefa a jaka da niyyar yarwa a hanya. Ba ta yar ba.

Ranar da ta fara rarraba sababbin a ajin nan mai kabad, zuciya ta buga a kowane tebur, 'yan mata suka yi ta salati suna juya ta suna leƙawa. Abin da ta daɗe tana jira ke nan, amma ba ta ga fuskokinsu ba, hannayensu take kallo. Wannan ta ci ta'amiya ba ta goge mai ba, waccan ta ajiye tata a bakin tebur. Kullum haka, ta shiga aji da ciwon ciki ta fita da ciwon kai, jakar kuma na mata nauyi a kafaɗa.

Ba a rufa mako biyu ba abin ya faru. Nurhan ta juya za ta nuna wa ta bayanta wani abu, gwiwar hannunta ta ture na'urar, ta faɗi ƙasa tas. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Yarinyar, mai bakin nan, ta fashe da kuka. Abla Nagat ta ji magana ta taso mata har kan harshe, ke za ki biya? Ta san muryar wa ke nan. Ta tuna albashinta da bai kai ya kawo ba, ta tuna ritaya. Ta ce kowa ta kawo tata. Suka kawo ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kabad, ta buɗe jaka ta warware jaridar. Yaran suna ganin kwaɗon suka sunkuyar da kai, ba wadda ta yi mamaki.

Ba tausayin Nurhan ne ya tsayar da hannunta ba, kada a yi mata ƙarya. Safwat ta gani, zaune a bas ɗinsa ta ƙauye, wani ya kira shi ya ce Abla ta datse kabad, shi kuma yana murmushin nan nasa yana gyaɗa kai. Ta ce a ranta, wallahi sai dai albashin ya ƙare.

Ta wangale ƙofofin kabad ɗin biyu, ta zura kwaɗon a kunnen ƙofa ɗaya kawai, ta datse shi ƙas. Ramin ya cike, ba wani kwaɗo da zai ƙara haɗa ƙofofin nan sai an kira mai walda. Ta ce wa yaran me suke jira, kowa ta zo ta ɗauki tata. Ta miƙa wa Nurhan mai tsagar, ta ce da ita za ta yi karatu har jarrabawa, kuma ta share hancinta. Na'urar na aiki, zuciyar na bugawa ta ƙarƙashin tsagar. Da aka tashi ta sauka ofis da ƙafarta ta ce a rubuta ɗaya ta fashe, a cire a nata.

Daga nan ba ta wuce gida ba, tasha ta nufa. Ta nemi direban bas ɗin da ke bin hanyar ƙauyen nan, ta ba shi makullin a ƙulle cikin guntun jaridar da aka kawo shi, ta kwatanta masa makarantar, ta ce a hannun Ustaz Safwat zai sa, ba a hannun mai gadi ba. Direban ya tambaya ko akwai saƙon baki.

"Ka ce masa yayarsa na gaishe shi," in ji ta. "Ka ce sinima ta buɗe, kullum ana nunawa."

Ta tsaya har bas ɗin ta cika ta tashi, sannan ta tsallaka ta sayi kifi.